Giyar Baba ta Bana

Torino, 16 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga Yaya Liberata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Berardo, kuma ƙafar Baba ta daina kumburin nan. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin matata Onorina da ya ƙi tafiya. 'Yata Loreta na gaishe ki, shirin biki ya ɗauke mata hankali.

Tulun giya ya iso ranar Alhamis. Tullio direba ya sauke shi har ƙofar gida, tare da cuku da tsiran alade. Mun gode, cukun ba laifi. Giyar ce, Yaya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin san shekara goma sha huɗu ke nan ina cika wa mutanen garin nan kunne da giyar Baba. To jiya Lahadi muka gayyaci Amilcare, uban yaron da zai auri Loreta. Irin 'yan arewan nan ne masu ɗaga hanci, a ganinsa mu na kudu ba mu iya komai ba sai haihuwa da ihu. Na ce yau zan rufe masa baki. Onorina ta murza taliya da hannu, na fito da kofunan da ba a taɓawa sai Kirsimeti, na sa Loreta ta cika mana kwalba biyu. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Wa ke ɗanɗana giyar babanmu Concezio kafin ya miƙa wa baƙo?

Tun daga launi na san akwai matsala. Giyar Baba in ka ɗaga kofi ba ka hango yatsanka ta ciki. Wannan kuwa tsararo ce, kamar ruwan da aka wanke nama. Na kai hanci, na ji warin tsumman goge tebur da aka bari a jiƙe. Na kurɓa. Tir! Da farko wani zaƙi-zaƙi na munafunci, sai tsami ya biyo baya ya kama mini muƙamuƙi, daga ƙarshe ɗanɗanon tsatsa ya zauna a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Na rasa inda zan tofar, dole na haɗiye.

Amilcare ya juya kofinsa, ya shinshina, ya ɗan taɓa da leɓe, ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Ita ce wannan?"

Na ce, "Hanya ce ta gajiyar da ita."

Ya ce, "Ga alama. Da ƙafa ta zo?"

Ɗansa ya ƙware don dariya, Loreta ta tashi ta shige kicin. Bai tsaya nan ba, sai ya ce wa Onorina in akwai ganyen salak a kawo, kada wannan ruwan tsamin ya tafi a banza. Da za su tafi ya dafa kafaɗata ya ce giyar biki shi zai kawo, kada mu wahalar da tsoho.

Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. Ba ta kaina nake ba. Sunan Baba aka yi wa dariya a kan teburina, mutumin da shekara arba'in ba a taɓa mayar masa da kofi da saura ba. Kin kuma san abin da yake faɗa, cewa ranar da aka tofar da giyarsa, ranar zai ɗauki gatari ya sare inabin nan tas, ya zauna jiran kabari. Ni da ke mun san ba wasa yake ba.

Wannan ba aikin hannun Baba ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ina zargin Tullio ya zuƙe tamu a hanya ya cika mana da ƙazanta. Ki bincika mini wa ya cika tulun, wa ya toshe shi, hannun wa da wa ya bi.

Ƙaninki,
Panfilo

*

Castelvento, 24 ga Nuwamba

Ƙanena Panfilo,

Na sami wasiƙarka, na ji kuna lafiya, mun gode Allah. Ka ce wa Onorina ta dafa busasshen ɓaure da zuma ta sha da zafinsa, ta rabu da magungunan kemis. Ƙafar Baba da sauƙi, yana zuwa gona da sanda. Ƙanƙara ta rufe kan dutse amma ba ta sauko gari ba tukuna.

Ka bar Tullio ya ci abincinsa, bai taɓa maka tulu ba. Baba da kansa ya cika shi daga babbar gangar nan ta bakin ƙofa, ya toshe, ya ɗaure da igiya kamar kullum. Abin da ke cikin gangar kuwa ni da Berardo muka sani, kuma Berardo bai yi komai ba sai abin da na sa shi.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, wurin gaisuwa da wurin cuku. Da ya tambayi giya na ce ka ce ta fi ta bara. Ya yi murmushi ya ce ai ya sani.

Shi kuma surukin naka mai dogon hanci, in tamu ba ta yi masa ba ya sha ruwan famfo, ba a hana shi ba.

Kada ka sake ka aika wa Baba da maganar nan. Ba komai ake sa wa takarda ba. In ka zo bikin Ista ma zauna mu yi magana. Kafin nan ka rufe bakinka kamar yadda na rufe nawa, ka ji ko?

Yayarka,
Liberata

*

Torino, 3 ga Disamba

Yaya,

Muna lafiya. Tarin ya tafi, ɓauren ya yi aiki. Gaisuwar ke nan, don yau raina a ɓace yake.

Sau biyar na karanta wasiƙarki. "Ni da Berardo muka sani." Madalla! Ashe ɓarawon ba a kan hanya yake ba, a gida yake, yana cin abinci a teburin Baba.

Bari ki ji abin da na yi. Ɗanɗanon nan ya tsaya mini a rai, na ce na san shi a wani wuri. Sai na sauka kantin ƙasan gidanmu na sayi giyar kwali, irin ta lira dubu ɗaya, wadda leburorin gini ke sha da rana, su ma sai sun sirka da lemo. Da kunya na saya, na ɓoye ta a cikin kwat kamar na sato. A jikin kwalin an rubuta jar giya kawai, ba sunan gona, ba sunan gari, ba shekara, ba ta da uba balle dangi. Na zuba ta a kofi, na zuba ta tulu a wani kofin, na jera su. Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya! Sai dai ma ta kwalin ta fi mutunci, don ita ba ta da wannan tsamin mai yakushin wuya. Na sa bakina a ƙazanta sau biyu a rana ɗaya saboda ku. Na wanke baki da baƙin kofi, na ci tafarnuwa, har yanzu ina jin ta.

Yanzu na gane inda motar da aka ce an ga Berardo da ita a watan Satumba ta fito. Kun kwashe giyar tsoho kun sayar wa masu gidajen abinci na bakin teku, kun cika masa ganga da ruwan wanki. Shi kuma yana shan tsofaffin kwalabensa bai lura ba. Haba, Yaya! Berardo bare ne, magini ne, bai san bambancin giya da ruwan siminti ba. Amma ke? Ke da kika ga Baba yana rarrafe tsakanin kunyoyi yana cire ruɓaɓɓun 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya? Har ki dubi idonsa ki ce wai na ce ta fi ta bara. Ki sa mini ƙarya a baki!

Kin ce in yi shiru. Ba zan yi ba. Na riga na rubuta wa Baba. Tunda na ga yadda kike karatu, kina tsallake abin da bai yi miki ba, ban aiko ta gida ba. Na aika ta hannun Cesidio mai aski, shi zai karanta masa baƙi bayan baƙi. Ban ambaci sunanki ba, albarkacin nonon da muka sha. Na dai ce masa abin da ke gangarsa ba giyarsa ba ce, ya je ya ɗanɗana da kansa.

Panfilo

*

Torino, 28 ga Disamba

Yaya Liberata,

Barka da Kirsimeti, ko da yake ban ga taku ba. Ina fata lafiya. Mako uku da kwanaki ba wasiƙa daga gare ki, ba saƙo daga Baba. Sau uku ina buga waya shagon kofi a kira ki, ana ce mini ba kya nan. Na ce a kira Cesidio, aka ce yana aski. Na ce zan jira, aka ajiye wayar.

In fushi kike, ki yi, amma ki gaya mini Baba na lafiya. Ya ɗanɗana? Me ya ce? Tulun na nan a baranda, ko kallonsa ba na son yi. Onorina ta gwada dafa nama da ita, kare ma ya shinshina ya wuce.

Ki rubuto, don Allah.

Panfilo

*

Castelvento, 10 ga Janairu, 1988

Panfilo,

Muna lafiya. Baba na nan da ransa, inabin ma na nan a tsaye, amma ba da taimakonka ba. Na yi shiru ne don da na rubuto a makon farko, da takardar ta ƙone a hannunka.

Ka buɗe kunnenka, sarkin wayo. Ka tuna zazzaɓin da ya kwantar da Baba a Janairun bara? Tun daga nan hancinsa da harshensa suka mutu. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, ba ya jin ɗanɗano. Bai gaya wa kowa ba. Ni na gane ranar da na manta na zuba gishiri sau biyu a miyar wake. Berardo ya ture kwano, Baba ya cinye ya suɗe cokali.

Ka san shi da ɗakin ƙasa inda gangunan suke. Mace ba ta shiga, wai giya na juyawa. Suruki ba ya shiga, wai ba jininsa ba ne. Daga shi sai ɗansa, ɗan nasa kuma yana Torino yana fariya. Babbar ganga ta fara lalacewa tun bazara, ba hancin da zai ji. A watan Agusta ya hauro da kwalba don bikin waliyyin gari. Na buɗe ta a kicin, sai da idona ya kawo ruwa. Ruwan tsami zalla. Na ce ta suɓuce ta fashe. Kwalba huɗu na fasa a watan nan, har ya ce na fara tsufa.

Da aka kwantar da shi asibiti kwana uku saboda ƙafar, na zare makullin daga wandonsa na shiga. Muka zubar da ita a kwata, ciyawar wurin ta mutu. Muka wanke gangar da tafasasshen ruwa. Berardo ya ari motar ɗan'uwansa, wadda kake masa gori a kanta, ya yi sawu huɗu zuwa wani gari mai nisa don kada a gan shi. Kwali ɗari uku na yanka da almakashi ina tsiyayawa, hannuna ya yi kanta, warin ya bi ni har gado. Kwalayen a tandun burodi na ƙone su. Ita muka iya saya, Panfilo. Na san ƙazanta ce. Na fi ka sani, ni nake shan ta kullum a gabansa ina cewa madalla.

Sai ga wasiƙarka. Ka san ranar da ta iso? Asabar da safe, shagon aski cike. Cesidio ya sa tabarau ya fara karantawa da ƙarfi yana tsammanin gaisuwa ce, kafin ya farga ya kai tsakiya. Baba ya miƙe da kumfa a rabin fuska ya ce, "Duk wanda ke nan ya biyo ni."

Dattawa bakwai suka biyo shi, har da Serafino mai tumaki. Ni ina tsaye a saman matakala, ina hango gatarin a rataye bayan ƙofa. Baba ya tsiyaya, ya sha, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya cika musu kofuna ya ce, "Ga ta nan. Wanda ya yi mini ƙarya, Allah ya isa."

Cesidio ya fara. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya, kamar ba zai sauko ba. Ya haɗiye ya ce, "Concezio, bana kam ka wuce kanka."

Na biyu ya ce, "Tana da ƙarfi. Ba ta yara ba ce."

Serafino ya shanye tas, hawaye na bin gemunsa, ya miƙa kofi ya ce, "Kai tsohon marowaci, ɗan wannan za ka ba mutum? Ƙaro!"

Uku ya sha. Daga baya na same shi a bayan akurkin kaji yana amayar da hanjinsa. Na kawo masa ruwa. Ya ce, "'Yar nan, ai mu tun bazara muka san harshen babanki ya mutu. A wurin karta aka ba shi giyata ya ce ba laifi, shi da ya shekara talatin yana kiranta fitsarin jaki." Ya kurkure baki ya ƙara da cewa, "Amma don girman Allah, a ina kika samo wannan masifar?"

Yanzu ga inda aka tsaya. Shaidu bakwai sun ce giya ta yi, kai kaɗai ka ce ba ta yi ba. Baba ya ce hayaƙin kamfani ya kashe maka harshe, ka zama ɗan arewa, ka tozarta shi a gaban tsaransa. Ya ce ba sauran tulu, ba zai zo bikin Loreta ba, kada kuma ka taka masa gida. Makullin yanzu a wuyansa yake kwana.

Kana iya wanke kanka. Ka rubuta wa Cesidio wata, ka ce kai ne mai gaskiya, uban naka ne hancinsa ya mutu. Sai dai ka sani magana zarar bunu ce, ka riga ka zari ɗaya.

Sabuwar giya na can cikin ƙananan ganguna uku, ban san halin da take ciki ba. Ya ce a watan Maris zai juye ta cikin babbar.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Liberata

*

Torino, 17 ga Janairu

Yaya,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ƙyamar da na ji ranar da na kurɓi giyar nan ba ta kai wadda nake ji yanzu in na ga fuskata a madubi ba. Ki ba Berardo haƙuri, ki ce na ci amanar zumunci. Ke kuma ban san da wane baki zan roƙe ki ba.

Abu ɗaya, kuma da gaggawa. Gangar da ta taɓa yin tsami ta mutu, ko da ruwan Kogin Urdun aka wanke ta. Shi ya sa ta tulu ta fi ta kwali muni. In ya juye sabuwar a ciki, ta bana ma ta tafi, kuma ba kowace shekara Serafino zai iya shan kofi uku ba.

Ga takarda a ciki. Ki karanta masa duka, wannan karon kada ki tsallake komai.

Zuwa ga mahaifina,

Baba, ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na yi kuskure, na zo neman gafara. Bayan na aika waccan wasiƙar na je wurin likita. Ya ce shekara goma sha huɗu ina shaƙar fenti a kamfani, hancina ya toshe, harshena ya dakushe, komai daɗin abu tsami nake ji. Laifin ba na giyarka ba ne, bakina ne ya lalace. Dattawan da suka sha sun fi ni sani. Na kunyata ka a gaban mutane, ka ba ni izini a karanta wannan ma a shagon Cesidio, ranar Asabar, kowa ya ji. Ɗan da ka koya wa shinshina ganga tun bai kai tsawonta ba ya manta karatunsa. Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka,
Panfilo

*

Castelvento, 2 ga Fabrairu

Panfilo, Baba ne ke magana, ni rubutu kawai nake.

Panfilo. Muna lafiya. Ƙafa ta warke. An yi sanyi mai kyau, inabi na son haka. Ka gaida matarka da amarya.

An karanta takardarka a shagon aski. Serafino ya ce dama tun kana yaro bakinka ya fi kanka sauri. Na ce ya yi shiru, ɗana ne, ni kaɗai ke zaginsa.

Na yafe. Ciwo ba laifi ba ne. Mutum na iya wayar gari ya ga an karɓe masa abin da yake taƙama da shi, ba da shawararsa ba. Ba abin dariya ba ne.

Tullio zai kawo maka wani tulun daga babbar ganga. Ka riƙa shan kofi ɗaya kullum da abinci har harshenka ya dawo. Kada ka ba ɗan arewan nan, bai cancanta ba.

Biki zan zo. Amma kafin nan kai za ka zo. Ranar goma ga Maris wata zai ragu, za a juye giya. Ka ɗauki hutun mako guda. Zan koya maka daga farko kamar ba ka taɓa sani ba. Za ka bi gangunan ɗaya bayan ɗaya, ka sa hanci, ka sa harshe, ni ina tsaye a bayanka. Babbar ma ka duba ta da kyau, in ka ce ta tsufa a fasa ta a yi wuta, mu ga ko ka iya. Duk abin da hancinka ya ji ka faɗe shi a fili, kada ka rage komai, ko da kana tsammanin ni na riga na ji.

Ubanka,
Concezio

Ni ce kuma, Liberata. Tulun na hanya, Allah ya ba ka haƙurin sha, ka ga abin da nake gani. Da Baba ya gama, ya sa na maimaita masa layin ƙarshen nan sau biyu. Sai ya kama wuyan hannuna, bai dube ni ba, ya ce, "Wannan kada ki gyara shi, 'yar nan. Ki bar shi yadda na faɗa."

Ban gyara ba. Ka nemi hutun tun yanzu, ka taho da tsofaffin kayanka na aiki.